Kati na 13 da Yashin Mai Duba

Karatu: 1 Sama'ila 28:3-20

Ɗan'uwa, in ka saba shiga cikin birni, lungunan da ke bayan Kasuwar Kurmi, ka san labarin masu bugun ƙasa. Mutum ya baza yashi, ya ɗiɗɗiga da yatsa, ya fitar da gidaje 16, ya faɗa maka abin da ya ce ya gani. 'Ya'yanmu kuwa ba sai sun je zaure ba. A waya suke jan katin tarot.

Katunan 78 ne. A Italiya aka fara su a ƙarni na 15 don wasan karta, sai a ƙarni na 18 wasu a Faransa suka mai da su abin duba. Ɗauki kati na 13, mai hoton ƙwarangwal, wanda ake kira Mutuwa. Masu fassara za su ce kada ka tsorata, canji yake nufi. Wane canji? Mai neman aiki ya ji aiki, wadda aurenta ke tangal-tangal ta ji saki. Damuwarka ce ta yi magana, kuma a kanta za ka yanke shawara.

Saul da kansa ya kori masu duba daga ƙasar. Amma da ya ga rundunar Filistiyawa, Ubangiji kuma bai amsa masa ba, sai ya ɓad da kama ya tafi Endor da dare. Shirun ne ya kasa jurewa.

In kai ma ka daɗe kana addu'a shiru, kada ka ɓoye. Sami fasto ko wani dattijon ikilisiya cikin makon nan, ku durƙusa tare.