Darasi: Jimiri a Filin Wasa

Gabatarwa

Duniya takan tuna da wanda ya zo na ɗaya, amma akwai 'yan wasan da ake tunawa da su saboda yadda suka fuskanci ciwo. A wannan darasi za mu dubi mutum uku, domin mu gane abin da jimiri yake nufi.

1. Gama abin da aka danƙa maka

Ranar 20 ga Oktoba, 1968, aka yi gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42 a wasannin Olamfik na birnin Meziko. Kafin a kai rabin hanya, John Stephen Akhwari na Tanzaniya ya faɗi, ya ji mummunan rauni a gwiwa. Aka ɗaure masa ƙafar, ya ci gaba yana ɗingishi. Mamo Wolde na Habasha ne ya yi nasara. Sai bayan fiye da sa'a ɗaya Akhwari ya iso, duhu ya yi, yawancin 'yan kallo sun watse. Shi ne na ƙarshe cikin mutum 57 da suka gama. Da aka tambaye shi dalili, ya nuna cewa ƙasarsa ta aiko shi ne domin ya gama tseren. Ya ɗauki gudun a matsayin amana.

2. Karɓar taimako

A wasannin Olamfik na Basalona a 1992, Derek Redmond na Birtaniya yana cikin tseren mita 400, zagayen kusa da na ƙarshe, sai naman bayan cinyarsa ya yage. Ya tashi yana tsalle da ƙafa ɗaya. Mahaifinsa ya sauko daga cikin 'yan kallo, ya tallafe shi har kusa da layin ƙarshe. Bisa doka, ba a lissafa shi cikin waɗanda suka gama ba, amma dubban mutane suka miƙe tsaye suna tafa masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai jimiri ba ya jin kunyar jingina da kafaɗar wani.

3. Sanin lokacin dakatawa

A 1996 Nwankwo Kanu ya jagoranci 'yan ƙwallon Najeriya suka ci zinariya a Atlanta. Ba da jimawa ba, likitoci suka gano lahani a zuciyarsa bayan ya koma ƙungiyar Inter Milan. Da ya yi taurin kai ya ci gaba da wasa, da ya jefa ransa cikin haɗari. Ya ajiye ƙwallo, aka yi masa aiki a Amurka, ya jira watanni. A 1999 ya koma Arsenal, aka kuma zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka karo na biyu. A 2000 ya kafa gidauniya domin yara masu ciwon zuciya.

Kammalawa

Ya ɗan'uwa mai karatu, jimiri dabam, ganganci dabam. Akwai ciwon da ake daurewa a kai ga gaci, akwai wanda dole a saurari likita. Hikima ita ce rarrabe su.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane aiki ne aka danƙa maka wanda wahala take so ta sa ka bari?
2. Me yake hana mu neman taimako sa'ad da ƙarfinmu ya kasa?
3. Wa yake ɗingishi kusa da kai yau, yana bukatar kafaɗarka?