Ginin Rumbu Da Ɗaga Kaya Masu Nauyi

Zuwa ga dagatai da masu unguwa da dukan manoman ƙasar Ƙaraye da Rogo.

Kowane manomi ya san noma rabin aiki ne, ajiya ita ce cikonsa. Hatsin da aka jibge a ƙasa rabon gara ne da ɓera da danshi. Amma wurin ginin rumbu mutane da yawa su kan ji ciwo, wani bayansa ya riƙe, wani ƙaba ta sauko masa, don sun ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu. Wannan takarda za ta nuna yadda mutum uku ko huɗu za su gina wurin ajiya da ƙananan kayan aiki, ba tare da sun cuci jikinsu ba.

1. Jigilar kaya. Tun 1928 Ma'aikatar Gona ta soma koya wa mutanen Arewa noma da shanu. Shanun da ke jan garma da damina, su ne za su ja amalanke da rani. Da ita za a kwaso duwatsu da ƙasar gini da azara. Daga bakin gida zuwa wurin gini kuwa sai baro. A tara nauyin kayan wajen ƙafar baro, kada a tara shi wajen hannu. Inda ke da tudu a shimfiɗa katako.

2. Tushe. A zaɓi wuri mai tudu inda ruwa ba ya kwanciya. Mutanen da ke kusa da madatsar ruwan Challawa, wadda aka gama a 1992, da masu zama bakin fadama, su ƙara lura da wannan. Lalle ne gindin rumbu ya tashi daga ƙasa kamar kamu guda bisa duwatsu, domin iska ta ratsa, a kuma riƙa ganin hanyar gara. Kadan za a zuba kankare, ga awonsa: siminti kwano 1, yashi 2, tsakuwa 4. Ana samun ƙaramin injin kwaɓa siminti na haya. Sa'an nan a yi ta ba shi ruwa har kwana 7 kafin a ɗora gini.

3. Motsa dutse. Ku dubi jigo a lambu, hikimar guda ce. A sami ƙarfe ko sanda mai ƙwari, tsawon ƙafa 6. A cusa bakinsa ƙarƙashin dutsen, a sa masa matokari ƙafa 1 daga bakin, watau saura ƙafa 5 wajen hannu. Mai dannawa zai ji kashi ɗaya ne cikin biyar na nauyin. In dutsen ya ɗaga, a tura gumagumai ko bututun ƙarfe ƙarƙashinsa, a gangara da shi. Jak ɗin mota ma ya kan ɗaga gindin rumbun da ya karkace, amma duk abin da ya ɗaga a tokare shi da itace nan da nan.

4. Ɗagawa sama. A kafa itatuwa uku masu kauri kamar murhu, a ɗaure kawunansu tam, a binne ƙafafunsu kaɗan don kada su zame. A rataya sarƙar nan da makanikai ke fid da injin mota da ita. Da ita mutum ɗaya zai ɗaga azara, ko jinka, ko buhun masara mai kilo 100. A jikinta an buga iyakar nauyin da ta ke ɗauka. Kada a wuce shi ko kaɗan.

5. Motar haƙa. Akwai ƙananan motocin haƙa da ɗaga kaya, amma hayarsu da mansu da tsada, sai kuma gwanin direba. Ba su da riba ga rumbu guda. Sai fa in gari ya haɗu zai gina babban sito.

6. Dokoki huɗu. Kada kowa ya tsaya ƙarƙashin kaya a rataye. A kori yara daga wurin. A duba igiya da sarƙa kowace safiya. Mutum ɗaya kaɗai shi ke ba da umurni.

Dagatai, ga naku. Ba kowane talaka ke iya sayen waɗannan kaya ba. A yi karo-karo a sayi baro biyu da sarƙa da jak, a ajiye gidan mai unguwa, a rubuta sunan duk wanda ya ara. A yi ginin da rani, gida gida, kamar yadda a ke gayya, domin kaka ta tarar da rumbu a bushe. Da ma an ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.