Yadda Ake Shirya Sabon Kwamin Siminti Kafin a Zuba Tarwaɗa

Sabon kwamin siminti ba ya karɓar kifi ranar da magini ya gama shi. Abubuwa biyu ne ke kashe 'ya'yan tarwaɗa a cikinsa: kaifin da siminti ke saki cikin ruwa, da gubar amoniya wadda ke taruwa saboda babu ƙwayoyin bakteriyar da za su cinye ta. A Babban Mutum da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Ɓaure, kan iyaka da Nijar, ƙasar rairayi ce da ke shanye ruwa, don haka kududdufin ƙasa ba ya riƙo sai da wahala. Mai son kiwon kifi a gida yakan koma ga siminti da ruwan burtsatse, kuma wannan shiri ya zama masa dole.

Aikin farko na ginin ne kansa. Siminti yana ƙarfi ne ta hanyar haɗuwa da ruwa, ba ta bushewa ba, kuma zafin Maris zuwa Mayu a ƙasar Daura yana tsotse danshinsa da wuri, ya bar tsaga. Bayan an yi filasta sai a rufe bango da jiƙaƙƙun buhunan algarara, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7. Cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28. Daga nan a cika kwamin, a ja layi daidai bakin ruwan, a dawo bayan kwana ɗaya. Ɗan abin da rana ta ɗauke ba matsala ba ne. Idan kuwa ruwan ya sauka sosai, ko bango ya jiƙe ta waje, akwai yoyo, kuma yanzu ne lokacin toshe shi.

Sai cire kaifin siminti. Ruwan da ya kwana a sabon kwami yana narkar da farar ƙasar da ke jikin bango, har ma'aunin pH, wato ma'aunin kaifi da tsamin ruwa, ya kai 10 ko 11. Idan aka tsoma hannu za a ji santsi kamar na ruwan toka, a ga farin kumfa ko ɓawo a saman ruwan. Tarwaɗa na son ruwan da ke tsakanin 6.5 da 8.5. Abin da ya wuce haka yana ƙone mata fata da kunnuwan da take numfashi da su. Maganin shi ne jiƙo da zubarwa: a cika, a bari kwana biyar zuwa bakwai, a goge bango da buroshi mai tauri ba tare da sabulu ba, a zubar, a sake cikawa. Masu kiwo a kudancin Najeriya kan sara itacen ayaba su jefa ciki. A nan inda ayaba ba ta wadata, busasshen kashin shanu a cikin buhu, a ɗaure bakinsa a nitsar da shi, yana yin irin wannan aiki, domin ruɓewarsa na sakin ɗan tsami da ke rage kaifin, ya kuma sa gansakuka ta lulluɓe bango. Zagaye biyu ko uku sukan isa. Sai dai ƙirga kwanaki ba ya zama hujja. Hujja ita ce takardar gwajin pH: a zuba sabon ruwa, a bar shi kwana biyu, a gwada. In bai haura 8.5 ba, kwamin ya huce.

Mataki na gaba, wato kafa bakteriya a kwamin, shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi jawo asara. Kifi na fitar da amoniya ta kunnuwansa, kashinsa da ragowar abinci ma suna ruɓewa su ƙara ta. A tafki ko madatsar ruwa irin ta Sabke, akwai bakteriya a jikin duwatsu da laka da ke sarrafa wannan guba. Rukuni na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya naitirait. Rukuni na biyu, irin su Nitrobacter da Nitrospira, suna mayar da naitirait naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce. Masanin nan ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, ya bayyana aikin irin waɗannan ƙwayoyi tun wajen 1890. Masu ajiye kifin teku cikin akwatin gilashi a Turai da Amurka ma haka suke yi: sukan jiƙa duwatsun da aka ɗebo daga teku na makonni, har abin da ya mutu a jikinsu ya gama ruɓewa, bakteriya su kafu, kafin su saka kifi ko guda.

Dalilin da ya sa ba a raba wannan mataki da na baya shi ne, dafin amoniya yana tafiya da kaifin ruwa da zafinsa. A pH 7, abin da ke da dafi a cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A pH 9, cikin ruwa mai ɗumi, ya haura kashi ɗaya bisa uku. Amoniyar da kifi zai jure a tsohon kwami ita ce za ta kashe shi dare ɗaya a sabo.

Bakteriyar ba sa zama a cikin ruwa sosai, abin da za su manne suke nema. Sai a sami duro na roba wanda bai taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari ba, a cika shi da wankakkiyar tsakuwa, da katangar fasasshiyar tukunya, ko murafun robobin lemo. A sa ƙaramin famfo, ko mai aiki da sola, ya riƙa jawo ruwan kwami yana zubawa ta saman duron, ya tace ya koma ta ƙasa. Ya kamata ruwan ya faɗo da fantsama, domin waɗannan ƙwayoyi ba sa aiki sai da iskar oksijin, kuma ruwan burtsatse yakan fito da ƙarancinta. Idan ruwan famfon gwamnati ne, a bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu sinadarin kulorin ya fice. Sannan a ba bakteriyar abinci: a watsa tafin hannu ɗaya na abincin kifi kowane kwana biyu, a bar shi ya ruɓe. Wanda ya sami bokitin tsakuwa daga matatar wani kwami mai lafiyayyen kifi, ya kawo ta a jiƙe, ya rage wa kansa jira sosai.

Daga nan sai gwaji duk bayan kwana biyu ko uku, da ɗan kwalaben da ake ɗiga wa ruwa ya canza launi. Amoniya za ta fara hawa, ta sauka. Naitirait ya hau bayanta, kuma shi ya fi daɗewa kafin ya sauka. Ranar da dukkansu suka nuna sifili, naitiret ya bayyana, an gama. A ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30 wannan yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida. A cikin hunturun Disamba da Janairu yana jan lokaci fiye da haka, don haka gara a fara da bazara ko damina, a kuma yi wa kwamin rumfar zana saboda rana.

Kada a juye kifi duka lokaci guda. A fara da 'yan kaɗan, a dube su kwana uku. Da sassafe ko da yamma ake sakawa: a ɗora jarkar da aka kawo su a kan ruwan kwamin na minti 20 zuwa 30, a riƙa ɗiban ruwan kwamin ana zuba musu kaɗan-kaɗan, sannan a karkata jarkar su fita da kansu. Ranar farko ba a ba su abinci. Kifin da ke tsaye a saman ruwa, ko yake goga jiki a bango, ko ya ƙi cin abinci, yana nuna ruwan bai yi ba. Naitirait na shiga jini ya hana shi ɗaukar iska, har kunnuwan kifin su koma ruwan ƙasa. Idan an ga haka a dakatar da abinci, a canza kashi ɗaya bisa uku na ruwan, a narkar da gishiri rabin kilo zuwa kilo ɗaya ga kowace lita 1,000.

Bayan an cika kwamin da kifi, duron ba ya hana canjin ruwa, rage shi yake yi, kuma inda ake sayen mai don tayar da ruwa wannan ragi kuɗi ne. Idan tsakuwar ta toshe, a ɗauraye ta da ruwan kwamin, kada a shanya ta a rana. Famfon kuma kada ya tsaya awanni masu yawa. Ruwan da aka zubar a kora shi lambu, domin naitiret ɗin da ke ciki taki ne ga tumatir, albasa da zogale.