Darasi: Daga Ina Faɗa Yake Tasowa?

Ya kai ɗalibi, da ke ɗaliba, da ku iyayenmu da ake karanta wa a gida, darasinmu na wannan fitowa a kan faɗan 'yan makaranta ne, irin wanda ake tashi da yagaggiyar riga da fasasshen leɓe. Ba a Limawa kaɗai ake yinsa ba. Rahoton hukumar UNESCO na 2019 ya nuna fiye da ɗalibi ɗaya cikin uku ya yi faɗa da wani ɗalibi a cikin shekara guda, kuma maza sun fi yawa a ciki.

Bari mu fara da tarihi. Bayan yaƙin Banul Musɗaliƙ, rundunar Musulmi na sauke a bakin wani ruwa mai suna Muraisi'u. Sai Jahjahu al-Gifari, mai yi wa Sayyidina Umar (R.A.) hidima, da Sinanu al-Juhani suka yi turereniya wajen ɗiba, har ta kai su ga duka. Wannan ya yi kururuwar kiran Ansaru, wancan ya kira Muhajirai. Manzon Allah (S.A.W.) ya fito ya tsawatar, ya nuna musu wannan kira na jahiliyya ne. Shi kuwa Abdullahi ɗan Ubayyu, shugaban munafukai, sai ya samu abin rura wuta. Ka san abin da Manzo ya yi? Ya sa aka tashi a lokacin da ba a saba tafiya ba, aka yi ta tafiya yini da kwana har rana ta sake yin zafi. Da aka sauka kowa ya ɓingire da barci, babu mai sauran ƙarfin maganar jiya.

To, dubi wurin da abin ya faru: wajen ruwa, ga gajiya, ga cunkoso. Haka yake a nan. Yaron da ya dawo daga boko cikin zafin Afrilu, bai sa komai a cikinsa ba ya wuto Islamiyya, ya tarar da layi a bakin famfo ana alwalar La'asar, wannan ko buta aka taka masa ya isa. Yunwa da ƙarancin barci suna gajarta haƙuri. Iya, ko ɗumame ne a ba shi kafin ya fito.

Sannan dubi kiran da suka yi, domin nan ne abin ya so ya ɓaci. Faɗan mutum biyu ne, da aka kira dangi ya nemi zama na jama'a. Tun da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, ma'aikata suka taho da iyalansu daga Haɗeja, Gumel, Kazaure, Ringim da sauran wurare, 'ya'yansu kuma tabarma ɗaya kuke zama. Sai ka ji ana kwaikwayon maganar yaro ana dariya, ko a laƙa masa suna saboda tsayinsa ko in'inarsa. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Je ka duba ta. Wanda ake tsokana kullum yana haɗiyewa, ranar da ya fashe shi za a ce ya fara. In kuwa aka ce 'yan unguwa kaza su fito, gobe a hanyar gida za a tare wanda bai ji ba bai gani ba.

Ni a ganina 'yan zuga sun fi masu damben laifi. Su ne masu jan layi a ƙasa su ce wanda ya isa ya tsallaka, da jini ya fito kuma su watse. Yanzu har da waya ake ɗauka a yaɗa, shi ya sa wanda aka kayar yake ganin dole sai ya rama.

Akwai kuma tsallake aji da bin shashatai, inda ake koyon taba, sholisho da ƙwaya. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Wanda kansa ya juye ba ya gane wasa.

Baba, kai ma da naka. Yaron da ake duka a kan komai a gida, duka yake ɗauka maganin kowace matsala. Haka wanda aka ce masa kada ya kuskura ya dawo da kuka, ya rama. Ka san abokan ɗanka? Ka san ƙarfe nawa ake tashinsu?

Kai ɗalibi da ka haddace Arba'una, koma ga hadisi na 16, wasiyyar barin fushi. Sunna ta koyar da cewa mai fushi ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, in yana tsaye ya zauna. In kai ne ɗan kallo, janye ɗaya daga wurin, ka tura ƙaramin yaro ya kira malam. Wanda kuma aka buge a ka, ya yi amai ko jiri, ko barci ya rinƙa fizgarsa, kada a ce ya kwanta ya huta. A kai shi asibiti a ranar.