MOTSA JIKI A KAN TABARMA DOMIN TSOFAFFI DA MASU CIWON GAƁOƁI

A garuruwan manoma irin su Agwada, da ke yankin Keffi cikin Jihar Nasarawa, yawancin mutane a sunkuye suke ƙare ƙuruciyarsu, wajen tada kunyar doya da ɗaukar kaya. Idan girma ya zo sai ƙugu ya riƙe, gwiwa ta ƙage, iyali kuwa su ce wa tsoho ya zauna ya huta. Nufinsu alheri ne, amma gaɓar da aka daina motsawa ƙara sandarewa take yi, naman da ke riƙe da ita kuma ya saki. Ran da mutum ya kasa tashi daga tabarma da kansa, to, ko kewayawa zai yi sai ya jira wani.

Akwai wata hanyar motsa jiki mai sauƙi da ake yi a kwance, wadda aka samo daga yoga ta mutanen Indiya. A shekarar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa yoga ranar 21 ga watan Yuni. A can asalinta tana haɗe da ibadarsu, amma abin da ake koyarwa a nan miƙa jiki ne da daidaita numfashi kurum. Ba a bukatar kome sai tabarma da matashi da kujera mai ƙwari.

Da farko mutum ya kwanta rigingine, matashi a ƙarƙashin kansa, ya tanƙwara gwiwoyi, tafin ƙafafu a ƙasa. Ya ja numfashi ta hanci sannu a hankali, ya sake shi, har sau 10. Sa'an nan ya kamo gwiwa ɗaya da hannu biyu ya jawo ta wajen ƙirji, ya riƙe tsawon numfashi 5, ya koma ɗayar. Bayan haka ya haɗa gwiwoyin ya karkata su dama, ya dawo, ya karkata su hagu, kafaɗu ba su bar tabarma ba. Wannan yakan sassauta ƙugun manomi ƙwarai. Daga ƙarshe ya ɗora sangalin ƙafafunsa a kan kujera ya huta kamar minti 5.

Tashi kuwa shi ne babban darasi, kuma shi aka fi yi wa garaje. Kada a miƙe zumbur. A mirgina gefe guda, a dafa ƙasa a zauna, a dakata kaɗan don kada jiri ya ɗebi mutum. Sa'an nan a durƙusa, a dafa kujera, a kafa ƙafar da ta fi ƙarfi, a miƙe. A kwanakin farko lalle ne wani ya tsaya kusa, amma kada ya ja tsoho ta hannu.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama su riƙa yin motsin da ke ƙarfafa jiki da hana faɗuwa, aƙalla kwana 3 a mako. Jin jijiya ta ɗan miƙe ba laifi ba ne, amma da zarar an ji suka ko numfashi ya sarƙe sai a daina. Mai hawan jini, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da wanda bai daɗe da yin aikin tiyata ko karaya ba, kada su fara sai ma'aikacin lafiya ya duba su, ko a ɗakin shan magani mafi kusa, ko kuma a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi.