Yadda Ake Shafa wa Mota Kakin Karnoba a Ƙasar Rurum

Yawancin masu sayen gwangwanin man goge mota sheƙi kawai suke nema. Shi ya sa suke lafta shi da kauri, da rana tsaka, a kan jikin da bai rabu da ƙura ba, bayan shekara guda kuma su ce man ne ya kashe musu fenti. Man bai yi laifi ba. Abin da ke cikin gwangwanin, in na kirki ne, kakin karnoba ne, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya da goriba da ke fitowa a arewa maso gabashin Birazil, musamman a jihohin Piauí da Ceará. Da rani ake sare ganyen, a shanya, a bubbuge shi garin kakin ya zubo, sannan a narka a tace. Bishiyar tana fitar da kakin ne don ya tsare ganyenta daga bushewa a lokacin fari, kuma aikin da muke so ya yi wa mota ke nan: ya shiga tsakanin fenti da rana da ruwa da ƙura, shi ya sha wahalar, ya ƙare, a sake shafa wani. Sheƙin ƙari ne. Don haka a Rurum da Rano da Kibiya, inda mota ke barin kwalta ta hau burji kusan kullum, babban aikin yana wajen wanki, shafawar ba ta da wuya.

Dalilin yana cikin yadda aka yi fentin. Kusan duk motar da ke kan hanya yau, daga Golf da Sharon na haya har zuwa Corolla da Hilux, fentinta hawa-hawa ne: akwai na shimfiɗa, akwai launi, sannan a sama akwai wani siriri garai-garai da masu fenti ke kira kiliya. Shi ne ke ba mota haske, kuma kaurinsa bai wuce rabin na takardar littafi ba. Hazon da ke sauko mana daga Nuwamba zuwa wajen Maris, wanda mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke ɗebo shi, yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi da suka fi kiliya tauri. Jar ƙasar hanya ma haka take. Duk ƙwayar da ta shiga tsakanin tsumma da jikin mota sai ta ja layi, kuma waɗannan layukan ne kake gani suna kewaya hasken rana a jikin baƙar mota. Kaki ba ya cire su, yana ɗan rufe su ne na wasu makonni. In kuwa aka murza shi a kan ƙura, ƙara su zai yi.

Zaɓi lokaci tukuna. Bayan sallar asuba zuwa hantsi ya fi, ko kuma la'asar sakaliya, a ƙarƙashin rumfar kwano ko inuwar katanga. Ɗora bayan hannunka a kan bonet, in ka ji ɗumi, ka dakata. Inuwar darbejiya da ta mangwaro suna da daɗin zama amma ba wurin wannan aiki ba ne, saboda ƙaro da 'ya'yan itace da kashin tsuntsu da ke zubowa. Ranar da hazo ya rufe duwatsun Rurum ko iska ke tashi, a fasa gaba ɗaya.

Wankin fa, a nan ake asarar fenti. Kada soso ya taɓa motar sai ka kwarara mata ruwa daga rufi zuwa ƙasa har laka ta jiƙa ta zube da kanta. Sannan ka tanadi bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla. Duk sa'ad da ka wanke wani sashe, ka fara ɗauraye soson a ruwan zalla ka matse, kafin ka mayar da shi cikin sabulu. Wanda ke ganin wannan ɓata ruwa ne ya duba gindin bokiti na biyu bayan an gama, yashin da zai tarar can da a jikin motarsa aka goga shi. Fara daga rufi, ka bar ƙasan ƙofofi da bamba zuwa ƙarshe, tayoyi kuma a ba su tsummansu dabam. In ruwan rafi ne ko na madatsar Tiga, a ɗebo a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama. In na rijiya ne ko burtsatse, kada a bari ya bushe a jikin mota, domin yakan bar farin tabo mai wuyar fita. Garin sabulun wanki irin su Omo da Klin an yi su ne don su cire maiƙo, kaki kuwa ba ya jure musu. Wanki biyu ko uku da su, sai a ga abin da aka shafa ya tafi. Nemi sabulun mota na ruwa, marfi ɗaya ko biyu ya ishi bokiti. Tsane motar da tawul mai laushi, irin na maikurofaiba ya fi, ka bi ta ƙarƙashin madubai da hannun ƙofa inda ruwa ke maƙalewa.

Motar da ta bushe ba lallai ta yi tsabta ba. Saka hannunka cikin siririyar leda ka shafa bonet a hankali. In ka ji gurzu-gurzu, akwai abin da ya kafe a fentin. Ɗigon kwalta ana narka shi da ɗan kananzir a tsumma, a wanke wurin da sabulu nan take. Kashin tsuntsu ko na jemage a ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma ya yi laushi, kada a kankare da farce. Sauran gurzun akwai wani abu mai danƙo da ake sayarwa don cire shi, ana ce masa kilé, ana goga shi a kan ruwan sabulu ba tare da dannawa ba. In fentin ya riga ya dushe, yana barin launi a tsumma, ko kiliyar ta fara ɓarewa fari-fari a rufi, kaki ba zai tashe shi ba, wannan aikin mai fenti ne. Motar da aka yi wa sabon fenti kuma a ba ta wata ɗaya zuwa uku fentin ya gama bushewa kafin a shafa mata komai.

Wajen saye, a shagunan kayan mota na Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano, ka karanta gwangwani da kyau. Akwai man da aka yi don cin fenti, mai ɗauke da garin gurza, akwai kuma kaki, sau da yawa kuma a jere suke a kanta ɗaya. Na farkon magani ne na lokaci-lokaci, wanda ya mayar da shi man kowane wata zai cinye kiliyarsa. Turtle Wax da Formula 1 sanannu ne kuma sun wadatar. Kada rubutun ɗari bisa ɗari ya ruɗe ka, domin zallar karnoba tauri gare shi, ba ya shafuwa sai an gauraya shi da mai da sinadaran da ke sassauta shi. Farashi yana bin dala, amma gwangwani ɗaya yakan kai shekara ko fiye ga mai mota ɗaya. Wanda marfinsa ya yi tsatsa ko cikinsa ya tsattsage, bar musu kayansu.

Ɗan jiƙa soson da ke cikin gwangwanin ka matse, ka shafo kakin sau ɗaya, ka shimfiɗa a sashe guda, misali rabin bonet, sirit yadda da kyar za ka gan shi. Abin da ke manne wa fenti ɗan kaɗan ne, duk abin da ya ƙaru a kai tawul ne zai kwashe, bayan ya wahalar da hannunka. Bar shi 'yan mintoci ya yi fari-fari, sannan ka ja yatsa a kai. In layin ya fito tas, ya isa gogewa, in ya yi jirwaye, ƙara jira. Goge da busasshen tawul, kana juya shi zuwa gefe mai tsabta, kafin ka wuce sashe na gaba. A bushewar hunturu kaki yana kamawa da wuri, wanda ya shafe mota gaba ɗaya kafin ya fara gogewa zai tarar ya ƙanƙame, ga ƙura ta sauka a kai. Nisanci baƙar roba da gilashin gaba, kakin yana bar wa roba farin tabo, yana sa waifa ta riƙa jan dishi-dishi da daddare. Tawul ɗin da ya faɗi ƙasa ya gama aiki sai an wanke shi.

Akwai masu cewa ranar bazara za ta narkar da kakin. Karnoba sai zafi ya haura digiri 80 yake narkewa, kakin zuma kuwa wajen 63, shi ya sa aka zaɓi karnoba. Amma maganarsu ba ta rasa tushe ba, domin rufin baƙar mota a watan Afrilu yana iya kaiwa digiri 70, kuma a wannan zafi kakin yana saurin ƙarewa. Amsar ita ce a sabunta shi duk mako shida zuwa takwas, musamman a Oktoba kafin hazo da kuma gab da faɗuwar damina. In ruwa ya daina dunƙulewa a bonet, ya koma shimfiɗewa, lokaci ya yi. Wasu kuma sun ce man roba na zamani da na siramik sun fi daɗewa. Gaskiya ne, kuma mai hali ya yi. Sai dai siramik yana buƙatar a gyara fentin da inji a rufaffen wuri, in an yi kuskure cire shi aiki ne, kaki kuwa kuskurensa wanki biyu ko uku ne da sabulu mai ƙarfi. Masu shafa man gas ko baƙin mai don mota ta yi ƙyalli a tasha suna samun hasken yini guda, sannan maiƙon ya kama ƙura ya kumbura robobi. Man birki ma cin fenti yake yi.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta mai cewa kafin ya kai Rano motar ta sake yin ja. Haka ne, kaki ba ya hana ƙura sauka. Abin da yake yi shi ne ya hana ta kamawa, yadda bokitin ruwa ɗaya zai sauke mafi yawanta ba tare da murza ba. Wannan amfani yana lalacewa ne idan yaron mota ya bi ta da busasshen tsumma kowace safiya. Ranar da babu ruwa, a goge gilashi da fitilu da lamba kawai, a bar jikin da ƙurarsa sai an samu.