DARASI: IDAN INJIN CASA YA ƘI AIKI

Shinkafa ita ce arzikin fadamar Gulbin Rima, daga Argungu har Birnin Kebbi. A shekarar 2017 an buɗe babban kamfanin casa na WACOT a Argungu. Duk da haka, mai buhu ɗaya ko biyu ƙaramin inji yake nema, irin na unguwar Nasarawa da ƙauyukan kewaye. Ranar da injin ya tsaya, mai shi ya rasa cinikin yini, mata masu gumi kuma su koma gida da kayansu.

Sau da yawa ɓacin ƙarami ne. Mai inji zai iya gano shi da kansa kafin ya kira bakanike.

YADDA YAKE AIKI

Injin casa kashi biyu ne. Akwai inji mai shan mai, akwai kuma kan casa. A cikin kan akwai ƙarfe mai juyawa, da wuƙa, da rariya. Bel ne yake ɗauko ƙarfin inji ya kai wa kan. Saboda haka idan inji yana ƙara lafiya amma kan ba ya juyawa, laifin ba na inji ba ne.

KAFIN A TAƁA

A kashe inji, a jira ya tsaya cik. A tuɓe babbar riga da rawani. Bel mai gudu yana fizgar riga, yana cire yatsa. A kori yara daga wurin.

ABUBUWA HUƊU DA ZA A DUBA

1. Bel. A danna tsakiyarsa da babban yatsa. Ya kamata ya lotsa kamar kaurin yatsa ɗaya. Idan ya wuce haka ya saki. Sakakken bel yana kuka, yana zafi, yana warin roba. A kwance noti, a ja inji baya kaɗan, a ɗaure. Kada a matse shi ƙwarai, domin hakan yana kashe boris. Kada mai ko giris ya taɓa shi. Idan ya tsattsage a sake shi. Akwai harafi da lamba a bayan kowane bel. A rubuta su a takarda a tafi da ita kasuwa. Nan karatu yake rana. Idan bel biyu ne a jere, a sake su tare.

2. Toshewa. A cire bel, a juya kan da hannu. Idan ya cije, a buɗe murfi. Zaren buhu da ciyawa sukan naɗe ƙarfen. Tsakuwa takan maƙale. A yanke zaren, a kwashe dusar da ta danƙare, a goge ramukan rariya.

3. Boris. Idan an share amma kan yana gurnani ko yana girgiza, boris ne. A sa giris. Idan gurnanin bai daina ba, boris ya mutu, sai sabo.

4. Wuƙa da rariya. Idan shinkafa tana kakkaryewa, wuƙa ta matso da yawa, a sassauta ta. Idan tana fita da ƙaiƙayinta, a matso da ita kaɗan. Idan ƙwaya tana bin dusa, rariya ta huje.

Idan an duba huɗun nan bai gyaru ba, to aikin bakanike ne.

Masu kawo casa su ma suna da nasu. Su tsince tsakuwa, su shanya shinkafa har ta yi ƙaras a haƙori. Ɗanyar shinkafa tana toshe inji. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Mene ne aikin bel?
2. Me ya sa ake tuɓe babbar riga kafin gyara?
3. Me za a rubuta kafin a tafi sayen sabon bel?